Filin Manoma: Renon 'Yan Tsaki Ba Uwa

Jama'a manoma, hunturu ya kama, kuma shi ne lokacin da masu sayen 'yan tsakin inji su kan yi hasara. Dalili kuwa, ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa sai gashinsa ya fito sosai. Wanda kaza ta ƙyanƙyashe ya kan shige ƙarƙashin fiffikenta. Na inji kuwa ba shi da uwa sai kai.

Tun ana gobe za su iso, share ɗaki, ka shimfiɗa ɓuntun shinkafa busasshe mai kaurin inci 2. Kewaye wuri da kwali mai tsawon inci 18, a yi shi da'ira, kada a bar kusurwa. Bara na ga inda sanyin asuba ya kora tsaki kusurwar ɗaki, suka hau juna, na ƙasa duk suka mutu. A tsakiya ka sa fitilar ƙwai ko kurfoti, ka kange shi da waya don kada ɓuntu ya kama wuta.

A makon farko ana son zafi digiri 35 na ma'aunin Salsiyas, watau 95 na Faranhait. Kowane mako a rage kamar digiri 3 na Salsiyas, har mako 4 zuwa 6, sa'an nan a ɗauke wuta.

Wanda ba shi da ma'auni kada ya damu, tsakin da kansu za su gaya masa. In sun cunkushe gindin wuta suna ta kuka, sanyi su ke ji. In sun guje ta suna haki, zafi ya yi yawa. In sun taru gefe guda, iska ce ke shigowa ta wata kafa. In kuwa sun bazu suna ci suna sha, to, aiki ya yi kyau.

Da isowarsu ruwa za ka fara ba su, da ɗan sukari a ciki. Tsoma bakin kowane. Zuba tsakuwa cikin mazubin don kada su nutse. Bayan haka a barbaɗa musu abincin tsaki a kan takarda.

Mai amfani da gawayi lalle ya bar taga ta sama a buɗe, gama iskar gawayi guba ce, ta kan kashe tsaki har da mai kwana tare da su. Kuma a nemi malamin dabbobi saboda rigakafin cutar Nukasil. Ana yin maganin a Vom.

Tashi sau biyu cikin dare ka leƙa su. Barcin da ka rasa a makon nan, ƙwai ne za ka kwasa nan da wata biyar in Allah ya yarda.