Dabaran: tauraron da ya shafe ƙarnoni yana bin Surayya da sadaki

Duk wanda ya tsaya a Wusasa, kusa da Dutsen Kufena a gefen birnin Zariya, da daddare a watan Disamba ko Janairu, zai ga tarin taurarin nan da Bahaushe ke kira kaza da ’ya’yanta sun kusa tsakar ka. Gabas da su kaɗan akwai wani tauraro guda mai jaja-jaja. Duk inda kazar ta nufa yana biye da ita. Malaman hisabi suna kiransa Dabaran, Turawa kuma Aldebaran, kuma sunan ɗaya ne.

Asalinsa Larabci ne, al-Dabaran, wato mai bin baya, daga saiwar kalmar da ke nufin baya ko ƙarshen abu. Larabawan dauri sun lura cewa Surayya, kamar yadda suke kiran kazar, ita ke fara fitowa, sannan shi ya biyo. Sai suka ƙulla masa labari: wai ya nemi auren Surayya ta raina shi saboda talauci, shi ne ya koro ’yan raƙumansa a matsayin sadaki yana bin ta har yau. Ƙananan taurarin da ke kewaye da shi su ne raƙuman.

Daga nan sunan ya kama hanya biyu. Abdurrahman al-Sufi, masanin falaki ɗan ƙasar Farisa, ya yi bayanin tauraron a littafinsa na surorin taurari wajen shekarar 964. Da aka riƙa fassara littattafan Larabci a Andalus, musamman a birnin Toledo a ƙarni na 12 da na 13, Turawa suka ɗauki sunan har da “al” ɗinsa.

Hanya ta biyu ta ratso Sahara cikin littattafan malamai, kuma ita ta fi shafar manomin Zazzau. Larabawa sun raba shekara zuwa masaukai 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimilla 365. Dabaran ne na huɗu, bayan Surayya, kafin Haƙa’a da Hana’a da Zira’a. A ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni rana ke ratsawa kusa da shi ya ɓace wa ido, daidai lokacin da damina ke kankama a ƙasar Zazzau. Shi ya sa tsofaffin manoma kan tambayi malam wane tauraro ake ciki kafin su zuba iri. Har waƙa aka mayar da lissafin don sauƙin hadda, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a 1967.

A yau matashi ya fi saurin cin karo da Aldebaran a manhajar waya, ya ɗauka sunan Bature ne, alhali kakansa ya san shi da bakin malamin unguwa. Masu riƙe da lissafin a ka kuwa sai raguwa suke yi.

Kimiyyar zamani ta ƙara wa labarin armashi. Dabaran na da nisan kusan shekarar haske 65 daga duniya, faɗinsa ya ninka na rana kusan sau 44. Surayya kuwa tana can sama da shekarar haske 400, raƙuman ma ba kusa da shi suke ba. Kumbon Pioneer 10 da Amurka ta harba a 1972 ya nufi ɓangarensa, amma sai ya yi tafiyar kusan shekara miliyan biyu kafin ya isa yankin.