Ƙofa da Jakada: Yadda Zazzau Ta Mulki Kudancinta

A ƙarni na 19 ikon Zazzau ya miƙa kudu har Keffi da Nasarawa, tafiyar kwanaki da dama a kan doki daga birnin Zariya. Garuruwan kusa an raba su ga masu sarauta irin su Madaki da Galadima da Wambai, waɗanda suke zaune a birni kusa da fada. Na nesa kuwa, kamar Kauru da Kajuru da Lere da Jama'a, an bar su da sarakunansu na gado, muddin dai sun yi mubaya'a. Jama'a ta kafu ne wajen 1810 a ƙarƙashin Malam Usman Yabo, a zamanin Malam Musa, Sarkin Zazzau na farko na Fulani.

A wancan zamani Sarkin Jama'a ba ya kai magana gaban Sarkin Zazzau kai tsaye. Yana da ƙofa, wato wani babba a fada wanda ta hannunsa saƙo yake shiga, amsa ta fito. Shi yake karɓar gaisuwa da gandu ya gabatar, ya ɗauki rabonsa, kuma yana da ta cewa idan gadon sarauta ya taso. Ƙofa ba ya barin birni, sai ya aika jakada, wanda sau da yawa bawansa ne ko baransa. Jakadan nan ne talaka yake gani, shi ne kuma yake komawa da labari, don haka ƙaramin ma'aikaci ne mai babban tasiri. Zazzau kanta haka take da Sakkwato, inda Waziri ne ƙofarta.

Nauyin wannan tsari ya faɗa ne a kan ƙabilun yankin, irin su Atyap da Bajju da Fantswam. Gandun da ake kaiwa Zariya har da bayi, kuma da hari ake samo su. Wasu ƙauyuka sun ƙulla amana, suna biya a ƙyale su. Mutanen Kagoro kuwa duwatsunsu sun kare su, ba su miƙa wuya ba. Duk mai son fahimtar siyasar Kudancin Kaduna ta yau dole ya san wannan tarihi.

Bayan Turawa sun ci Zariya a 1902, sun tura hakimai su zauna a gundumomi, aikin ƙofa ya dusashe. Sun bar Kagoro da Marwa da Jaba da sarakunansu. Da jirgin ƙasa ya iso Kafanchan, sai fadar Jama'a ta koma can a 1933.