Kanun Sashe a Wikipedia: Abin da Mai Waya Yake Fara Gani Game da Batsari

Duk wanda ya buɗe shafin Wikipedia a wayarsa, bayan gabatarwa ba rubutu yake tararwa ba, kanun sassa ne a jere, galibi a rufe, sai wanda ya taɓa yake buɗewa. Ke nan mai neman labarin Batsari ko Safana daga Legas ko Landan, kanun nan su ne hoton garin a idonsa. Shi ya sa matasanmu masu rubutu a Wikipedia ta Hausa bai kamata su ɗauki kanu a matsayin ado ba.

Aikin ba wuya. Ana sa alamar daidai (=) biyu a gaba da bayan kalma, sai ta zama kan sashe; uku-uku kuma ƙaramin sashe ne a ƙarƙashinsa. Alama ɗaya tak matsayin sunan shafi ce, a bar ta. Daga waɗannan kanun ne manhajar take haɗa ƙunshiya da kanta, ba mutum ke rubuta ta ba. Inda da yawa ke tuntuɓe shi ne su kaurara kalma su zaci sun yi kai. A ido ta yi kama, amma ba za ta shiga ƙunshiya ba, kuma makaho mai saurare da manhajar karatu ba zai iya tsallakawa zuwa gare ta ba.

To a ce shafin Batsari yana da kai ɗaya, na matsalar tsaro, sauran bayanin kuma an cusa shi a dunƙule. Sarautar Sarkin Ruma, noma da kiwo, kasuwa, dajin Rugu tun kafin ya zama mafakar 'yan bindiga, rabuwar Jihar Katsina da Kaduna a 1987, duk suna nan amma sun ɓace. Wani zai ce ai ware wa tarihi da noma sassa rufa-rufa ce. A'a. Hare-haren sun faru, mutanen Batsari sun fi kowa sani, kuma sashensu dole ya tsaya da hujjojinsa. Sai dai kan ya zama sunan abu, ba hukunci ba: "Tsaro" ya wadatar, ba sai an ce "Garin da ya mutu" ba.

Masu cewa gajeren shafi ba ya bukatar kanu suna da gaskiya. Layi biyar a ƙarƙashin kanu shida rumbu ne babu hatsi. A fara tara bayanin Safana tukuna, sannan a yanka shi.