Mata Ne Kasuwar Littafin Soyayya

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka abin yake ga mai rubuta littafin soyayya: kome daɗin labarinsa, in mata ba su karɓe shi ba, sai ya yi kwantai.

A Amurka, mata baƙar fata sun kafa ƙungiyoyin karatu, irin su Go On Girl da aka soma a 1991, inda sukan zaɓi littafi guda, kowace ta karanta, sa'an nan su taru su tattauna. Marubuciyar da ta shiga bakinsu, kakarta ta yanke saƙa.

A ƙasar Hausa kuwa, zumunci ne ya yi wannan aiki. Tun da Hafsatu Abdulwahid ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, littafi ya riƙa zagawa ɗaki-ɗaki ta hanyar aro da shagunan haya. Ko ƙona littattafan da aka yi a Kano a 2007 bai kashe kasuwar ba.

Amma fa aro ba ya biyan kuɗin ɗab'i. In mata goma suka karanta kwafi ɗaya, kuɗin guda kaɗai marubuciya za ta gani. Gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta soma a 2016 ta kuma yi bikin ba da kyautarta a Abuja, ta ɗaukaka sunan mata marubuta. Saura masu karatu su haɗa kai su riƙa saye, don kada rijiyar da ake sha ta ƙafe.