Ko Ka San Don Harsashin da Ya Kuskure Ake Gina Filin Harbi?

Idan soja ko ɗan sanda ya kwanta rubda ciki ya ɗana bindiga, idonsa da hankalinsa duk suna kan allon da aka kafa masa. Shi kuwa injiniyan da ya zana filin, allon nan bai dame shi ba, domin takarda ce ko kwali, harsashi zai huda shi ya wuce kamar bai taɓa komai ba. Abin da ke hana shi barci shi ne inda harsashin zai tsaya, musamman wanda ya fita lokacin da hannun sabon ɗan koyo ya yi rawa, bakin bindiga ya ɗaga sama.

Harsashin AK-47 yana barin bakin bindiga da gudun mita 700 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya. In ba abin da ya tare shi, na ƙaramar bindigar hannu yana iya cin kusan kilomita 2 kafin ya faɗi, na babbar bindiga irin G3 kuwa ya doshi kilomita 4. Ke nan filin mita 100 ko 300 da ido ke gani ɗan yanki ne kawai. Bayansa akwai dogon fili mai faɗaɗa gaba, wanda ake shata wa iyaka a taswira a hana gida, gona da burtali shiga cikinsa. Shi ne yankin haɗari, kuma sau da yawa ya ninka wurin harbin kansa sau da dama.

Abu na farko da ake tarbar harsashi da shi tudun ƙasa ne a bayan alluna, wanda yawanci ake so tsayinsa ya kai mita 6. Ganuwa ce, sai dai ta gari tana hana na waje shigowa, wannan kuwa na ciki take hana fita. Ba kowace ƙasa ake jibgawa ba. Fuskar tudun sai an tankaɗe ta, an fitar da duwatsu da tsakuwa, an bar yashi ko ƙasa mai laushi, domin harsashi in ya daki abu mai tauri a karkace ba ya nutsewa, gocewa yake yi ya kama wata hanyar da ba wanda ya auna. Ko fuskar ruwa tana sa shi wannan tsalle, shi ya sa ba a barin kududdufi ya kwanta a tsakiyar fili. Wani abin mamaki kuma, tudun da kansa yakan zama haɗari in ya tsufa: dubban harsasai suna taruwa a wuri ɗaya bayan kowane allo har su dunƙule su zama curin ƙarfe, sabon harsashi ya dake su ya goce. Dole lokaci-lokaci a rufe filin, a tone fuskar, a tace dalmar, a mayar da yashi.

Inda ƙasa ta yi ƙaranci, sai a jera shingaye na kankare ko katako mai cike da tsakuwa a sama, tsakanin maharbi da allo. Ƙa'idar mai sauƙi ce: mutum in ya tsaya a layin harbi ya dubi gaba, kada ya hango sararin sama ko kaɗan. Duk inda ido ya ga sama, harsashi ma zai iya bi ta nan. A Brünnlisau da ke ƙasar Suwizalan, akwai filin mita 300 da ake harbi ta saman hanyar mota, motoci na wucewa a ƙasa, saboda an gina katangar da ta toshe duk wata kusurwa da harsashi zai iya sauka kan titin. A ƙasashen da ke arewacin duniya kuma akan fuskantar da fili arewa, don rana ta kasance a bayan maharbi.

Babban abokin gabar filin harbi shi ne garin da ke girma. Ƙungiyar maharba ta Ingila ta fara gasarta a filin Wimbledon a 1860, Sarauniya Victoria ce ma ta yi harbin farko. Cikin shekara 30 gidajen Landan suka matso, ya zama dole a tattara a koma Bisley a 1890, inda ake harbi har nisan yadi 1,200. A irin waɗannan filaye akwai rami mai kariyar tudu a ƙarƙashin alluna. Masu duba maki suna tsaye a ciki, harsashi na wucewa ta saman kansu da ƙara kamar an tsula bulala, su janyo allon ƙasa, su sa alama a hudar, su sake ɗaga shi.

Filin harbi na cikin gini kuwa, na'ura ce sukutum. Bango da rufi na kankare ne, ana rataye farantan ƙarfe a karkace don su kare fitilu da bututu. A ƙarshen ɗakin akwai tarkon harsashi. Wani tarin gutsattsarin roba ne da aka jibga a gangare, harsashi ya nutse ciki ya tsaya bai fashe ba. Wani kuma farantai biyu ne na ƙarfe mai tauri, na sama da na ƙasa, suna tsukewa har su kai harsashin cikin wani bututu mai siffar katantanwa. A ciki zai yi ta zagaye har ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗa bokiti.

A ganina, tare harsashi shi ne ɓangare mai sauƙi a rufaffen gini. Mai wuyar ita ce iska. Kowane harbi yana fesa ƙurar dalma, wata daga jikin harsashin, wata daga sinadarin da ke kunna albarushi, kuma ba ta da warin da zai gargaɗi mutum. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Don haka ake sa iska ta shigo daga bayan maharbi, ta bi ta kafaɗarsa a hankali ta nufi wajen alluna, a zuƙe ta can, a tace kafin a sake ta waje. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar gudun ƙafa 75 a minti ɗaya a layin harbi. In iskar ta gaza, hayaƙi ya tsaya a fuska. In ta yi ƙarfi fiye da kima, sai ta yi juyi a gaban ƙirjin mutum ta dawo masa da hayaƙin hanci. Ana kuma zuƙe iskar da ta ɗan fi wadda ake turawa, don ko an buɗe ƙofa ƙura kada ta fita zuwa ofis. Wanda ya fi shiga haɗari ba mai zuwa harbin awa ɗaya ba ne, malamin da ke yini a wurin ne da mai shara, har da 'ya'yansu in suka koma gida da kayan aiki a jiki. Tsintsiya ba ta shiga irin wannan ɗaki, sai tsumma mai jiƙa ko injin zuƙa mai matata ta musamman.

Sharar tana da wani dalilin. Ba duk albarushi ke ƙonewa ba, raguwarsa na zuba a ƙasa tana maƙalewa a soson da aka manna a bango don rage ƙara, domin ƙarar bindiga ta wuce desibel 140, wadda ke iya lalata ji nan take. Wannan raguwa kuwa tana iya kama wuta: a watan Nuwamba na 2009 gobara ta tashi a wani ɗakin harbi a birnin Busan na Koriya ta Kudu, ta kashe mutum fiye da 10, yawancinsu 'yan yawon buɗe ido daga Japan.

A nan gida, filayen da muka fi sani na sojoji ne, irin na Jaji da Kachia a jihar Kaduna, kuma rundunar soja takan fitar da sanarwa kafin atisayen harbi tana neman jama'a su kauce. Mai unguwa ko dagacin da irin wannan sanarwa ta iso masa, ya taimaka ya kai ta kunnen manoma, makiyaya da mata masu itace. Wanda ya hango jar tuta a dajin bariki ya juya, ko da bai ji ƙarar harbi ba. A hana yara tonon tudun don neman ƙarfen sayarwa. Masu yanka filaye kuma, don Allah ku nemi sanin inda iyakar yankin haɗari ta tsaya kafin ku sayar wa bawan Allah fuloti a bayan tudu.