'DILWALE DULHANIA': Fim ɗin da ba a gajiya da maimaita shi

Babu wani mai kallon finafinan Indiya da bai san yadda 'Dilwale Dulhania Le Jayenge' ya ƙare ba. Jirgin ƙasa ya fara tafiya, Raj na tsaye a bakin ƙofa fuska duk jini, Simran na kuka, mahaifin ta ya riƙe mata hannu gam. Can sai tsoho ya sake ta, ta ruga a guje. An san wannan tun 1995. To me ya sa idan aka sa fim ɗin a ɗaki da hutun Sallah, wanda ya gan shi sau goma ma sai ya gyara zama?

Fim ɗin ya fito ranar 20 ga Oktoba, 1995, daidai da lokacin bikin Diwali. Yash Chopra ne furodusa, ɗan sa Aditya Chopra kuma darakta, kuma shi ne fim ɗin sa na farko, ya na ɗan shekara 24 kacal. Shah Rukh Khan ya fito a Raj, Kajol a Simran, dukkan su 'yan Indiya mazauna Landan. Tun Simran na ƙarama mahaifin ta, Baldev Singh, ya yi wa abokin sa alƙawarin zai ba ɗan sa Kuljeet ita, can a Punjab. Kafin biki sai ta roƙi alfarmar hutun wata guda ta zaga Turai da ƙawayen ta. A wannan yawon hutu ne ta haɗu da Raj, wani sangartacce da uban sa ya yi murna don ya faɗi jarrabawa. Jirgi ya tafi ya bar su su biyu a Suwizalan, daga faɗa aka koma wasa, daga wasa aka faɗa kogin so.

Labarin dai ba wani sabon abu ba ne, amma jama'a sun ƙi rabuwa da shi. Ya lashe kyaututtukan Filmfare har 10. A sinimar Maratha Mandir da ke Mumbai an ci gaba da nuna shi kullum da hantsi, har ya cika mako 1,000 a Disamba 2014. A 2015 masu sinimar su ka ce sun cire shi, 'yan kallo su ka yi masu ca, dole aka maido shi. Annobar korona ce ta tsayar da shi na wasu watanni a 2020, kuma a 2025 ya cika shekara 30 ana nuna shi a wurin. Mai karatu, ka na jin waɗannan mutane su na zuwa ne don su ga yadda za ta kaya?

Ai sanin ƙarshen shi ne daɗin. Sabon fim kamar baƙo ne, sai ka yi ta ɗari-ɗari da shi, ba ka san ko za a kashe jarumi ko a aurar da jaruma ga mugu ba. Wannan kuwa ɗan gida ne. Idan Baldev Singh ya zare ido, gaban ka zai faɗi, amma ba sosai ba, don ka san inda za a kwana. Wanda ya wuni ya na fama da karatu, ko kasuwa ta ƙi, ko budurwa ta daina ɗaga waya, ya na samun awa uku da 'yan mintoci inda ya tabbata komai zai daidaita.

Akwai kuma abin da ya sa fim ɗin ya kwanta wa Bahaushe a rai. Da Raj ya bi Simran har Punjab, mahaifiyar ta Lajjo, wadda Farida Jalal ta fito a matsayin ta, da kan ta ta ce su gudu. Raj ya ƙi. Ya ce ba zai sace ta ba, sai mahaifin ta ya ɗauki hannun ta ya ba shi. Saboda haka ya shige gidan biki ya zama ɗan aike, ya na hidima, ya na neman shiga zuciyar kowa. Duk wanda ya tashi da labarin auren dole, a littattafan soyayya ko a finafinan mu na Kano, ya san wannan tsaka-mai-wuya: ka bi zuciya ka saɓa wa iyaye, ko ka bi iyaye ka mutu da ciwon so. Fim ɗin ya ba ka duka biyun. A zahiri ba kullum ake samun haka ba, shi ya sa ake komawa gare shi.

Ba wai fim ɗin ba shi da aibi ba ne. Wasan da Raj ya yi wa Simran da safe bayan ta bugu, inda ya sa ta zaci wani abu ya faru a tsakanin su har ta fashe da kuka, yanzu idan ka kalla ba dariya za ka yi ba. Ita ma Preeti, ƙanwar Kuljeet, da ta ɗauka ita Raj ke so, an bar ta da karyayyar zuciya.

A kallo na biyar ko na shida ne ido ke barin Raj da Simran ya koma kan na gefe. Nan za ka lura da Karan Johar, tun bai zama darakta ba, a cikin abokan Raj. Nan kuma za ka gane cewa Amrish Puri ne ya riƙe fim ɗin. Mutumin da aka saba gani a matsayin bos, Mogambo na 'Mr. India', ga shi nan ya na watsa wa tantabaru hatsi a tsakiyar Landan, hankalin sa na can gonakin Punjab. Ba mugu ba ne, uba ne da ya yi alƙawari, kuma ya ke tsoron kada Turai ta cinye masa 'ya'ya. Amrish Puri ya rasu a Janairu 2005. Idan ka tashi maimaita fim ɗin, ka sa ido a wurin da shi da Raj su ke ciyar da tantabaru a gona da sassafe. Kusan ba sa cewa komai, amma daga nan tsohon ya fara saukowa.