Girgizar Ƙasa a Abuja: Ko Jabi Za Ta Iya Ɗaukar Sansanin Wucin Gadi?

A watan Satumba na 2018 ƙasa ta motsa a Mpape, har mazauna Maitama suka ji a jikinsu, kuma gwamnati ta dakatar da fasa duwatsu da haƙa rijiyoyin burtsatse a yankin na wani lokaci. Motsin ya sake dawowa a Satumban 2024. Ƙananan girgiza ne, amma sun isa su sa a tambayi inda za a tsugunar da jama'a idan wata rana gidaje suka tsattsage.

Duk mai duba taswirar birnin, idonsa zai faɗa kan Jabi: ga tafki, ga tashar mota, ga kasuwar Utako a maƙwabta. To amma ana auna fili da alƙaluma ne. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda hukumomin agaji na duniya ke bi, sun ware wa kowane mutum murabba'in mita 45, har da hanyoyi da makaranta da wurin shan magani, da aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, da makewayi ɗaya ga mutum 20. Ke nan mutum 5,000 na buƙatar hekta 22 da rabi, da lita 75,000 kullum, da makewayi 250. Samun fili mai wannan girma a dunƙule, a unguwar da kowane taku kuɗi ne, ba ƙaramin aiki ba ne.

Bakin tafkin, wanda ya fi ɗaukar ido, shi ya fi buƙatar bincike. Ƙasa mai laushi da ta sha ruwa tana ƙara ƙarfin girgiza. Abin da ya yi wa birnin Meziko mummunar ɓarna ke nan a 1985, domin a kan busasshen tafki aka gina shi. Haka kuma inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa, ramin masai kan gurɓata shi. Gwajin ƙasa ne zai raba gardama, kuma hedkwatar Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya tana nan Utako.

Duk da haka, a ganinmu Jabi na da abin da filin bayan gari ba shi da shi, wato kusanci da wurin neman abinci. Bayan girgizar Haiti ta 2010 an kwashe dubban mutane zuwa Corail, nesa da babban birnin, inda aka sami fili a yalwace amma babu aikin yi. Direba ko ɗan tireda da aka raba da kasuwarsa ya koma mai jiran tallafi.

Sai batun mallaka. Sansanin da aka ce na wata shida ne yakan shekara biyar, shi ya sa mai fili ke ɗari-ɗari. Zai fi araha hukumar Babban Birnin Tarayya ta tantance ƙananan filaye da dama tun yanzu, ta ƙulla yarjejeniyar haya mai wa'adi da diyya a rubuce, ta kuma yi rajistar masu tankokin ruwa da dillalan kwano da katako a kan farashin da aka amince da shi kafin buƙata ta taso.